Haƙorin Makka a Hoton Mahaifiyata

Shekarun baya, a farkon dawowar mulkin farar hula, lokacin da fastocin 'yan siyasa suka rufe katangun Gyadi-Gyadi har ba ka gane fentin gidanku, mahaifiyata ta yi wani ciwon hanci da ya hana mu sakat. Na daɗe ina son ba ku labarin nan, amma na bari sai da ya huce, saboda mutanen da ke cikinsa har gobe a gidansu nake cin tuwo.

Abin ya fara ne kamar mura, sai murar ta ƙi tafiya. Hancin ya toshe gaba ɗaya, da baki take numfashi, in ta yi sujada kuma goshinta kamar zai tsage. An yi sirace, an ɗiga man habbatus sauda, an sha citta da kanumfari har gidan ya koma warin shagon mai shayi, duk a banza. Da ƙyar na shawo kanta muka je asibiti, aka haɗa mu da likitan hanci da kunne, wani dogon mutum ɗan Filato mai magana a hankali kamar ba ya son kalmomin su ƙare. Ya zura mata wani siririn ƙarfe mai fitila, ya daɗe yana leƙe, sannan ya ce tsiron nama ne ya cika kogunan da ke bayan hanci, na dama ya fi muni. Sai an yi tiyata, amma ta cikin hancin za a bi, ba za a yanka fuska ba.

Ya rubuta mata magani ya ce ta sha na 'yan makonni, daga nan a ɗauki hoton kanta da na'urar sikan kafin ya sa ranar aiki. Ni kuwa a lokacin malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare a Tarauni, ina ji da kaina, don haka na gyara zama na tambaye shi me ya sa sai an yi hoton, tunda ga shi ya ga tsiron da idonsa.

Bai ji haushi ba. Ya ce, "Malam, rufin hanci shi ne daɓen ƙwaƙwalwa. A gefe kuma ido ne, ƙashin da ya raba su bai fi ɓawon ƙwai kauri ba. Kuma kowa da yadda Allah ya gina nasa. Wani rufinsa yana sama, wani ya sauko ƙasa, wani ma dama daban hagu daban. Idan na shiga ban san irin nata ba, zan iya huda rufin ruwan ƙwaƙwalwa ya zubo, ko in taɓa ido. Kai da kake koyar da taswira, ai ka gane." Na ce na gane. A ranar har na maimaita wa matata bayanin kamar ni na ƙirƙiro shi.

Sai na gaya muku abu biyu game da gidanmu, in ba haka ba za ku ce mahaukata ne mu. Na farko, ni ne ɗan fari. Mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kallon idona, in ta kama dole ta yi magana da ni sai ta ce "kai" ko "yaron nan", galibi ma ta bakin wani take aiko saƙon ina tsaye a wurin. Ƙanwarta, wadda muke kira Inna, ita ta yaye ni ta riƙe ni a Darmanawa har na shiga makaranta, kuma ita ke ce mini Babana saboda sunan mahaifinsu na ci.

Na biyu, tun suna 'yan mata Inna ce ƙafar mahaifiyata. Mahaifiyata ba ta son fita, ba ta son taro. Biki, suna, gaisuwar mutuwa, dubiya, duk Inna ke zuwa ta ce Yaya ce ta aiko ta, kuma dangi sun karɓi hakan, in Inna ta je to Yaya ta je. Ga kama kamar an tsaga kara, tsayi ɗaya, murya ɗaya. Har murar ma Inna tana da tata, ko da yake ba ta kai ta yayarta ba.

Ranar hoton na kai su ita da Inna tun da safe, na miƙa takarda, na zaunar da su a benci cikin jerin mutane. Ina da jarrabawar da zan tsare a makaranta, kuma ko da ba ni da ita, ba ɗan fari ne zai tsaya ana cire wa uwarsa ɗankwali ba. Na hau acaɓa na tafi. Da na dawo bayan azahar na tarar da su a gindin bishiya suna cin gyaɗa, Inna ta ce an gama lafiya. Har na yi mamakin yadda mahaifiyata ta sake, fuskarta fes, na ce a raina ashe tsoronta a baki ne kawai.

Da muka kai wa likita hoton ya liƙa shi a jikin allo mai fitila ya ɗan yamutsa fuska. Ya ce tsiron ya ragu fiye da yadda ya zata, amma maganin da ya bayar yakan yi haka. Rufin kuwa ya ce madalla, yana sama, dama da hagu daidai, ƙashin da kauri. Ya sa rana. Muka koma gida muna hamdala.

Aka kwantar da ita ana gobe aiki. 'Yan'uwa sun zo har daga ƙauye, an yi saukar Alƙur'ani, an raba waina sadaka, tsakar gidanmu cike da tabarmi. Bayan la'asar likitan ya aiko a kira ni ofishinsa don ya yi mini bayanin ƙarshe. Ya sake liƙa hoton, yana nuna mini da biro inda zai bi da inda zai tsaya. A wasu daga cikin hotunan akwai wasu fararen layuka da suka taso daga ƙasa suka bazu kamar hasken tocila. Na tambaye shi ko ciwo ne.

Ya yi murmushi ya ce, "A'a, haƙorin Makkan Hajiya ne. Ƙarfe haka yake yi wa na'urar. Ka ma tuna mini, ka tambaye ta ko yana girgiɗa, mai sa barci zai so ya sani."

Na ce, "Haƙorin Makka?"

Ya ce, "Eh, a sama, gefen hagu. Kamar ma biyu ne."

Mahaifiyata ta je aikin Hajji, amma ba ta sa haƙori ba. Ta ce ita ibada ta je yi, ba ado ba. Likitan kuwa ba yadda za a yi ya sani, don duk zuwan da muka yi kanta a sunkuye yake, gefen mayafi a bakinta. Na buɗe baki zan yi magana sai aka leƙo aka ce ana nemansa da gaggawa, ya kashe fitilar allon ya fita. Na tsaya ina kallon baƙin hoton. Sunanta ne a jiki, shekarunta ne, ranar da na kai su ce. Na fito ina tafasa, na riga na yanke cewa ma'aikata ne suka haɗa hoton wata da sunan uwata, har ina shirya irin rashin mutuncin da zan yi musu.

Ina shiga ɗakin mata na hango Inna a bakin gado tana ba wata mai jinya labari. Ta kwashe da dariya, haƙoranta biyu na zinare suka haska, a sama, gefen hagu. Shekara da shekaru ina ganin haƙoran nan, amma ban taɓa jin tsoronsu ba sai ranar. Na dafa ƙarfen gadon wata baiwar Allah da ban sani ba.

Na jira ta fito wanke kwanuka a famfon bayan ɗaki, na bi ta. Na durƙusa kamar zan taya ta, na ce, "Inna, ranar hoton nan, wa ya shiga?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "An shiga dai."

"Inna, don Allah."

Ta ajiye kwanon ta dube ni. Ta ce wata mata ce ta fito daga ɗakin hoton tana salati, ta ba su labarin yadda ake yi: a cire maka ɗankwali da 'yan kunne a gaban namiji, a kifa ka a kan wani siririn gado, a tanƙware maka wuya, a tura kanka cikin rami, sannan kowa ya fita a ja ƙofa a bar ka kai kaɗai. Nan take mahaifiyata ta ce ita ba za a sa ta a kabari da ranta ba, ta miƙe za ta tafi gida. Ana cikin haka aka kira sunanta.

Inna ta ce, "To sai in bari a ce ba mu zo ba? Na tashi na amsa. Babana, uwa ɗaya uba ɗaya muke, nono ɗaya muka sha. Ciwon nan ni ma ina da shi. Me ya raba kaina da nata?"

Na fara yi mata bayanin rufi da daɓe, da bakin nan nawa na aji. Ta katse ni. Ta ce, "Ka ji ni da kyau. In ka buɗe baki, ka mai da uwarka maƙaryaciya a gaban baƙo. A soke aikin, a kore mu, mutanen da suka cika gida su koma ƙauye da labari. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba." Ta ɗauki kwanukanta ta wuce.

Na bi ta har bakin gadon. Mahaifiyata na zaune da carbi, tana jan numfashi ta baki. Ban taɓa tsayawa a kanta da magana irin wannan ba, don haka na tsaya daga wajen ƙafafu, na kalli bango, na ce wa Inna a gaya wa Hajiya likita ya ce hoton wani ba ya yi wa wani, ana iya rasa ido, ana iya rasa rai. Mahaifiyata ta ji sarai. Ta ja carbi biyu ko uku, sannan ta ce wa Inna, "Gaya wa yaron nan ya kama bakinsa. Abin da Allah ya rubuta ba hoto ne zai kankare shi ba."

Na fito baranda na rasa inda zan sa kaina. Gaba kura, baya sayaki. Kuma ba zan ɓoye muku ba, shaiɗan ya zo mini da lissafi mai daɗi. Ya ce ai kamarsu ɗaya, ƙila cikin ma ɗaya ne. Ya ce likitan gwani ne, zai gani da idonsa in ya shiga. Ya ce ɗa nagari ba ya kunyata uwarsa. Na yi ta kai da komo tsakanin ƙofar ɗakin da matattakala, har wata nas ta tambaye ni ko ni ne mara lafiyar. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne biron nan na likita, yadda ya ɗora shi a kan hoton ya ce, daga nan zuwa nan ba abin tsoro. A kan Inna ne ba abin tsoro. A kan uwata babu wanda ya sani.

Na koma ofishinsa na tarar a kulle. Aka ce yanzun nan ya sauka. Ban san na iya gudu haka ba. Na same shi a wurin ajiye motoci ya riga ya buɗe ƙofa, na tsaya ina haki, na ce, "Likita, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Hoton nan ba na mahaifiyata ba ne. Ƙanwarta ce ta shiga."

Ya daɗe yana kallona. Ya mayar da ƙofar ya rufe, ya ɗora jakarsa a kan motar. Ya sa na maimaita, na maimaita. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Gobe da safe da wannan hoton zan shiga kan mahaifiyarka." Ya ɗauki jakar ya juya, na bi shi a baya kamar wanda za a kai wa hedimasta.

A ɗakin mata ya ja kujera ya zauna ƙasa da gadonta, ya gaishe ta da ladabi, ya ce, "Hajiya, ba za a yi aikin gobe ba. Ina son in ga kanki ke da kanki tukuna." Bai ce an yi ƙarya ba, bai ce an yi laifi ba. Amma ɗakin mata ɗakin mata ne, kafin ya rufe baki kowane gado ya yi tsit, masu jinya sun daina fifita. Mahaifiyata ta ja mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya. Inna ta dube ni, irin kallon da ba ta taɓa yi mini ba tun ina yaro. Likitan ya ce in ba hoto ba aiki, ya yi sallama ya tafi.

A daren muka kwashe kaya muka koma Gyadi-Gyadi. Baƙi suka watse da guntun labari, kowa ya ƙarasa shi yadda ya ga dama. In na je gaishe ta da safe sai ta juya wa bango fuska. Da ma ba ta kiran sunana, yanzu ko "yaron nan" ɗin ma na rasa. Inna ta daina zuwa gidana. Wani kawuna ya tare ni a masallaci ya ce boko ya ɓata ni. Ni kuwa kullum ina jin numfashinta daga zaure, kuma ina ganin ciwon yana ƙaruwa, har gefen idonta na dama ya fara kumbura. Na shiga tsoron cewa na hana aikin da zai iya cutar da ita, na kuma bar ta da ciwon da zai ƙarasa ta a gida.

Ban san me ya juya ta ba, kuma har yau ban tambaya ba. Wata safiya dai matata ta kai mata koko, ta dawo ta ce Hajiya ta ce in nemo mota.

Likitan ya riga ya yi magana da masu hoton. Wata ma'aikaciya 'yar Kudancin Kaduna ce ta karɓe ta, ta fitar da maza, ta cire mata ɗankwali da hannunta tana ce mata, "Mama, ni ma tsoronsa nake ji, amma ba ya cizo." Ta kwantar da ita rigingine maimakon a kife, ta sa wa Inna, wadda ta rako mu, wata riga mai nauyi mai tare hasken na'urar, ta ce ta tsaya ta riƙe ƙafar yayarta. Ni ina waje, kunnena a jikin ƙofa, ina jin ƙugin na'urar da muryar mahaifiyata tana karanta duk abin da ta haddace. Kowane lokaci ina jiran in ji ta ce a fitar da ita. Ba ta ce ba.

Da hoton ya fito likitan ya liƙa su biyun gefe da gefe, na Inna da nata. Ko ni da ban san komai ba na ga bambanci. A na mahaifiyata rufin dama ya sauko ƙasa sosai, ya karkace, siriri kamar zare. Ƙashin da ke tsakanin kogon da idonta kuwa tsiron ya cinye wani wuri, babu komai a tsakani. Ya ɗora biro a kan hoton Inna ya ce, "A nan wannan ya ce mini in ci gaba." Ya matsar da shi daidai wurin a hoton mahaifiyata ya ce, "A nan kuma ƙwaƙwalwa ce." Na nemi kujera ban samu ba, na zauna a kan ƙaramin bencin da marasa lafiya ke takawa su hau gado.

An yi aikin bayan 'yan kwanaki. Ya ɗauki lokaci fiye da yadda aka ce, muna zaune a baranda ni da Inna, duk wanda ya fito da koren kaya sai mu miƙe tare. Da likitan ya fito ya ce ya bar ɗan tsiro kaɗan a gefen dama da gangan, don wurin bai ba shi fuska ba, za a bi shi da magani. Ya ce ta farka, tana gani, tana motsa komai. Inna ta zame ƙasa tana kuka, ta kama hannuna ta ce, "Babana."

Na sha tunanin abin nan. Ban taɓa ganin laifin Inna ba. Abin da ta yi ranar shi ne abin da ta yi duk rayuwarta, yayarta ta kasa zuwa wuri ta je mata, kuma da ana karɓar ciwo da ta karɓa. Mu ne mutanen da ake aika ƙani ya karɓo aure, a aika ɗa ya yi gaisuwa, a ce jini ɗaya ne. Kuma gaskiya ne a wurare da yawa. Amma Hausawan da suka ce ɗan'uwa rabin jiki su ne dai suka ce kama da wane ba ta wane. Tun daga lokacin, duk wanda na raka asibiti, babba ko yaro, ba na barin benci sai na ga wanda ya tashi da aka kira suna. Abokaina suna yi mini dariya a kan haka, ba na damuwa.

Mahaifiyata tana nan da ranta, ta tsufa, tana numfashi da hancinta. Ba ta taɓa ce mini na kyauta ba, kuma na san ba za ta ce ba. In maganar ta taso a cikin jikoki, abin da take faɗa shi ne akwai yaron da ya tona mata asiri a gaban mutanen ɗaki guda, sai ta juyo ta harare ni. Nakan sunkuyar da kai kamar yadda ya kamata. Amma kafin in sunkuyar sai na saci kallonta, don da idanunta biyu take hararata, kuma duka biyun suna gani.